Ranar da Na Yi Maganar Ɗan Fari

Mu a wurinmu mace ba ta maganar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ya fasa leɓe sai ta kau da kai har wani ya zo ya ɗaga shi. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu a Hammadu Kafi, haka ni ma na yi da nawa ya zo. Na gama sakandare, ina jin Turanci daidai gwargwado, waya ba ta barin hannuna, amma duk wannan bai rage mini komai daga kunyar nan ba. Ɗan fari na kakarsa ne. Ke dai ki haifa, ki shayar, ki ja bakinki.

Nawa ya zo kyakkyawa, mai dogon hanci irin na dangin ubansa. Ya shekara biyu bai ce uffan ba, aka ce nauyin baki ne. Ya shekara uku, aka ce wani kawunsa ma haka ya yi. In ka kira shi ba ya waigowa, amma da maƙwabta sun tayar da injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa ya yi ta buga kai a bango. Murafen kwalba yake tarawa ya jera su daga bakin ɗaki har gindin randa, wanda duk ya taka layin nan ya jawo wa gidan kukan yini guda. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ruwa. Gidan da muke haya a unguwar Barunde ba shi da nisa da kwari, kuma da damina kwarin nan ko ƙato ba ya wasa da shi. Yaron kuwa da ya ji ƙarar ruwa yana gudu sai ya nufi ƙofa kamar ana kiransa.

Maigidana direban babbar mota ne a wani kamfani, rabin watansa a kan hanya yake yi. Kamfanin yana da asusun taimakon ma'aikata, a ciki akwai alawus na wata-wata ga wanda Allah ya ba ɗa mai lalura. Shi ya kai kukanmu can. Suka ce za su turo wadda za ta ga yaron a gida, sannan mu kawo takardar likita.

Sai aka yi dace, ko in ce rashin dace, ranar da matar ta zo surukata tana gidan. Dada muke ce mata. Daga rugarsu ta zo aikin ido, tana zaune kan tabarma a tsakar gida da auduga manne a fuska. Matar da aka turo yarinya ce 'yar kudu, mai fara'a, Hausarta ta cefane ce. Ta zauna a kujera 'yar tsugunne, ta dube ni ta ce, "Madam, mene ne damuwa na yaro?"

Dada tana nan, ko taku uku babu tsakaninmu. Na sunkuyar da kai na shiga tsince shinkafar da na riga na tsince. Yarinyar ta sake tambaya. Ta tambayi sunansa, na yi shiru. Ta tambaya ko yana barci, ko yana cin abinci, ko yana ba ni wahala. Wahala! A gaban uwar mijina in buɗe baki in ce ɗan farina yana ba ni wahala, ko in nuna na damu da shi har ina lura da barcinsa? Na ce, "Lafiya lau." Dada ta ce, "Jikana ne, ba abin da ya same shi, miskili ne kawai." Shi kuma gogan yana can gefe yana jera murafensa, tsaf da shi kamar an wanke an goge. Yarinyar ta yi rubutu, ta sha ruwa, ta tafi. A lokacin ban ga na yi wani abu ba. Har daɗi na ji da yamma da na tsinkayi Dada tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa matar ɗanta tana da pulaku, kunyar nan tamu ta Fulani.

Maganar likita kuwa ta zama tafiyar hawainiya. A babban asibiti wani likitan yara ya duba shi, ya ce yana zargin abin da suke kira otizim, wanda a rediyo na ji suna cewa galahanga. Amma ya ce ba shi zai sa hannu ba, akwai ƙwararriya da take zuwa daga wani gari jefi-jefi, sai ta gan shi ba sau ɗaya ba kafin a rubuta. Muka shiga layi. Yau a ce ta zo amma mutane sun yi yawa, gobe a ce an ɗaga. Damina ta wuce, kaka ta wuce, muna ta sintiri da kati a hannu.

Ana cikin haka muka samu wata malama a unguwar Gabukka da ta mayar da gidanta makarantar irin waɗannan yara. Ba su da yawa. Ban san abin da take yi musu ba, haƙuri dai na gani wanda ni ba ni da rabinsa. Wata rana na dawo da shi gida, ya ja zanena har bakin randa, ya nuna moɗa da yatsa, ya ɗago ya dube ni cikin ido. Shekararsa biyar, ranar ya fara neman wani abu a wurina da kansa. Na ba shi ruwan, na shiga banɗaki na yi kukana inda ba mai gani.

Kuɗin makarantar ya fi ƙarfinmu. Zangon farko muka biya da 'yan kunnena, daga nan malamar ta riƙa ɗaga mana ƙafa saboda mun ce alawus yana tafe, kuma za a haɗo mana da ariyas, wato kuɗin baya, tun daga ranar da muka kai kuka. Haka muka ɗauka. Da bazara ta kama sai maigida ya dawo daga ofis fuska a murtuke. Ashe ƙa'idarsu ita ce daga ranar da takardar likita ta fito ake fara biya. Ba a komawa baya sai in wadda suka tura gida ta shaida cewa tun lokacin lalurar tana nan. Ita kuwa abin da ta rubuta shi ne uwar yaro ta ce lafiyarsa lau, kakarsa ma ta ce haka.

Malamar ba ta ɓoye mini ba. Ta ce, "Maman yaro, ni ma haya nake biya, ga masu taya ni aiki. In kamfanin ya ba ni a rubuce cewa zai biya na baya idan takardar likita ta fito, zan jira ko zuwa yaushe ne. In babu, wallahi ba zan iya ba, akwai masu jiran gurbinsa."

A makon ne Dada ta sake zuwa, a duba mata ɗaya idon. Ta ji abin da ake ciki, ta yanke nata hukuncin ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce garin ne ya ɗaure wa yaron baki, katanga ta ko'ina, ga ƙarar inji, ga hayaƙi. In ya shiga cikin shanu ya sha nono mai ɗumi zai warware. Da ruwan farko ya sauka za ta koma, kuma da jikanta za ta tafi, dama ai an daɗe da yaye. Ba mugunta ba ce, ta fi kowa sonsa, ita kaɗai yake yarda ta shafa masa kai. Amma na san rugar nan. Babu ƙofa, balle sakata. Ga rafi a gangare, ga rijiyoyin da ba su da murfi, ga Dada da ido ɗaya da rabi. Maigida ya sunkuyar da kai ya ce, "To Dada, in makarantar ta sallame shi, ai naki ne." Da muka keɓe na ce masa, "Malam, ruwa fa." Ya ce, "Na sani. In ce mata me? In ce ban yarda da ita ba?" Na so in ce eh, haka za ka ce, amma na san ba zai iya ba, ni ma da ni ce ba zan iya ba.

Abin da ya iya yi shi ne ya roƙi kwamitin asusun su sake duba maganar. Suka yarda, suka ce a zo da yaron da duk wanda yake wurin ranar da aka zo gida. Wato ni da Dada. Shi kuma ana gobe zaman aka tura shi Yola da kaya, ya ce zai kwana ya juyo da asuba. Da safe ya bugo waya, mota ta lalace a hanya.

Zafin ranar ba a magana. Tun hantsi hadari yake haɗuwa ta gabas yana watsewa, ni kuma duk ɗaga kan da zan yi sai na tuna da ruwan farko Dada za ta tafi da shi. A cikin keke mai ƙafa uku Dada ta ɗora yaron a cinyarta, ni ina gefe ina kallon titi kamar ban san su ba. Ina ta shirya magana a zuciyata, ina kai wa rabi sai ta tsinke. Fatana ɗaya, su ce kowa ya shigo shi kaɗai.

Ba su ce ba. Ɗaki ne mai dogon tebur, mutum uku a zaune. Shugabansu dattijo ne mai furfura a gemu, daga jin Hausarsa Bakatsine ne. Akwai wani mai tabarau da ke riƙe da fayil, sai yarinyar nan da ta zo gidanmu, ta gane ni har ta yi mini murmushi. Aka ba mu kujeru biyu a jere, kafaɗata tana gogar ta Dada.

Ni da na kwana ina fargabar kada yaron ya yi musu ɓarna, sai ga ni ina roƙon Allah ya sa ya yi. Ya ƙi. Ya hango fanka tana juyawa a sama, ya kwanta a ƙasa rigingine yana kallonta yana murmushi, shiru kamar ba shi ne jiya ya fasa mini kofi a goshi ba. Mai tabarau ya leƙo ta saman tebur ya ce, "Wannan ne yaron? Ai ni ban ga komai ba." Na ji kamar in tashi in kashe fankar nan.

Dattijon ya gaishe da Dada da girmamawa, sannan ya juyo gare ni. "Malama, an rubuta nan cewa bara kin ce lafiyarsa lau. Kin faɗa?"

Na ce, "Na faɗa."

"To yanzu mijinki ya ce tun yana ɗan shekara biyu abin yake. Wanne za mu ɗauka?"

Ina jin numfashin Dada a gefena. Dattijon ya dube ni, ya dubi Dada, ya sake dubana, sai na ga ya gane.

"Na fari ne?"

Na gyaɗa kai.

Ya jingina da kujera ya yi ajiyar zuciya. Ya yi wa yarinyar bayani da Turanci a taƙaice, ta zaro ido ta dafe baki. Sannan ya ce, "Na san wannan kunyar, mu ma muna da ita, ko da yake ba ta kai taku ba. Amma 'yata, ni ba zan rubuta cewa na gane da kaina ba. Masu duba asusun nan ba su san ɗan fari ba. Takardar likita ba ta fito ba, ubansa ba ya nan, yaro ga shi kwance lafiya. Abin da ya rage bakinki ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kina da magana ki yi, in babu mu rufe, ba wanda zai ga laifinki."

Na saci kallon Dada ko za ta ce za ta fita shan iska. Da ta tashi da shi ke nan. Ba ta motsa ba. Ta kafe idonta mai gani a kan tebur, hannuwanta a kan sandarta. Mai tabarau ya duba agogo, ya fara tattara takardun cikin fayil. Can waje aka yi tsawa mai nisa, yaron ya ɗago kai daga ƙasa ya juya wajen taga yana saurare.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Sunansa na fara faɗa, cikakke, wanda aka raɗa masa ranar suna, wanda ban taɓa furtawa da ƙarfi ba ko ni kaɗai a ɗaki. Na ji Dada ta ɗan zabura. Na ce ɗana ne, ni na haife shi, kuma ba lafiya lau yake ba. Na faɗi yadda na gane tun yana goye, da ba ya kallona in yana shan nono. Na faɗi injin markaɗe da bango. Na janye ɗankwalina na nuna musu goshina. Na ce shinkafa fara kawai yake ci, in miya ta taɓa gefenta an gama. Na ce rabona da barci mai nauyi tun ya fara tafiya, don da igiyar zane nake ɗaure ƙafarsa da tawa. Na faɗi ranar da na tsamo shi a bakin kwari ruwa ya kai masa ƙirji yana dariya, wadda ko ubansa ban gaya wa ba. Hawaye da majina duk sun haɗu, ban damu ba.

Da na tsaya a nan da ya wadatar. Amma abin da ya taru shekara biyar ba ya fita da awo. Na ce in makarantar nan ta kore shi ruga za a kai shi, kuma in aka kai shi ruga gawarsa za a kawo mini kafin kaka. Na ce ba zan ba da shi ba, ko wa ya ce.

Yarinyar tana share ido. Ni kuwa sai a lokacin na ji abin da na faɗa, da wadda na faɗa a gabanta.

Dattijon ya gyara murya ya juya ga Dada. "Hajiya, ke ma kina wurin bara. Abin da ta faɗa yanzu, haka ne?"

Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta rushe komai, kuma bayan abin da na yi mata ba zan ce ta zalunce ni ba. Sai ta ce, da Hausarta mai nauyin Fulatanci, "Bara da ta yi shiru, daidai ta yi. Haka aka koya mata." Ta gyara riƙon sandarta. "Na yau kuma ba ƙarya a ciki. Igiyar ma na gani. Ku rubuta."

Suka rubuta. Yarinyar da kanta ta ce za ta gyara rahotonta ta sa hannu. Dattijon ya ce ba za a fitar da ko kwabo ba sai takardar ƙwararriyar ta zo, amma in ta zo za a lissafa tun daga ziyarar bara, kuma yau ɗin nan zai ba ni shaidar haka in kai wa malamar. Na karɓa da hannu biyu, ko godiyar kirki ban iya yi ba.

A keke muna komawa Dada ba ta ɗauke shi ba. Ta zauna a ƙarshen kujera ta bar shi a tsakiya. Da muka isa na durƙusa a bakin ɗakinta na ce, "Dada, ki yafe mini." Ta ce, "Me kika yi?" Ta juya ta fuskanci bango. Abincin dare na kai, da safe na ɗauke shi yadda na ajiye. Da maigida ya dawo na gaya masa komai, ya riƙe kai ya ce, "Har da gawa?" Ya shiga wurinta ya daɗe kafin ya fito. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙarata wurin iyayena ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Gaisuwa dai tana amsawa, irin amsar da ake yi wa matar maƙwabta.

Ba ta jira ruwan farkon ba. Ran kasuwar garinsu ta ɗaure kayanta tun da sassafe ta ce a kai ta tasha. Maigida ya riga ya fita, ni na raka ta, da yaron, don daga can zan wuce da shi makaranta. Na riƙe mata ƙullin kayan har ta samu wuri kusa da taga. Yaron ya miƙa hannu ya kama bakin mayafinta da ya zubo waje, yana murza shi a tsakanin yatsu yadda ya saba. Ta shafa kansa, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta zare mayafin a hankali, ta kama hannun nasa ta miƙo mini ta tagar, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Riƙe ɗanki."

Tun da na haife shi ba wanda ya taɓa ce mini haka a dangin nan. Shekara biyar ina son in ji, da na ji kuma sai ya yi mini zafi kamar mari, don na san sai da ta ajiye haƙƙinta na kaka a kansa kafin ta faɗa. Motar ta cika ta tashi, ina tsaye ina kuka a tsakiyar tasha, 'yan kamasho suna kewaye ni. Shi bai ko kalli motar ba, ya hango murfin kwalba a ƙasa yana ja na wajensa. Na bar shi ya ɗauka, na tsayar da keke na ce Gabukka.